Hajiya kayan gwanjo ne ke da araha, ba aikin hannunki ba

Wata 'yar'uwa daga Jidda ta turo min tambaya, tace tana zuwa Harajin Sawarikh, wato kasuwar gwanjo da ake kira haraj a can, tana sayo tsofaffin labule da abaya da daddumai, tana haɗawa da ƙyallayen atamfa da take karɓowa wajen teloli, tana ɗinka jakunkuna da rigunan filo da abin adon bango. Kaya suna fita alhamdulillah, amma wata takwas kenan bata ga kuɗin da ya zauna a hannunta ba, masu saye kuma kullum "ai tsumma ne, rage mana". Shine take tambaya ko ta ci bashi ta sayi babban keken ɗinki.

Toh Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka, amma dan Allah kar ki ci bashin nan yanzu, dan matsalarki ba a keke take ba, a farashi take.

Mu ɗauki lissafin da kika bani da kanki. Jaka ɗaya kina sayarwa riyal 35, yadin da ya shiga ciki kamar riyal 5, zif da zare da shafi riyal 7, in muka raba kuɗin motar zuwa haraj da wanki da guga da leda a kan kowace jaka a ce riyal 6, kinga 18 sun tafi saura 17, kuma kince jakar tana cin miki awa huɗu tun daga yanka har gamawa. Kenan riyal 4 da 'yan kai kike biyan kanki a awa, ga ciwon baya ga ido. Arahar yadin ce take ruɗarki, kina ganin abin riyal 5 ya koma 35 sai ki ɗauka riba ce, alhali guminki kike rabawa kyauta.

Ki yanka wa awarki kuɗi, ko riyal 15 ne. Awa huɗu 60, ki ɗora 18, jakar ta tsaya miki a 78 tun kafin riba. In ba zata sayu a 85 ko 90 ba, to ko dai ki sauƙaƙa ɗinkin ya dawo awa biyu, ko ki canza masu sayen. Ni na fi karkata ga na biyun gaskiya, saboda maƙwabciya da ta san inda kika sayo labulen har abada farashin haraj zata taya miki. Ki nemi bazar-bazar, wato kasuwannin baje koli, da ake yi, musamman wajen Balad, tsohon garin da UNESCO ta saka cikin wuraren tarihi na duniya a 2014, baƙi suna zuwa kuma abin hannu suke nema. Gwamnati ma ta ware 2025 a matsayin shekarar sana'ar hannu, so idon mutane ya buɗe sosai. Kuma kar ki ɓoye cewa tsohon yadi ne, ki ɗauki hoton labulen kafin ki sa almakashi da bayan ya zama jaka ki saka a Instagram ko Snapchat, mai so wannan labarin ne ke sa shi ciro kuɗi.

Ƙananan ƙyallen da kike zubarwa kuma ki ɗinka jakar takalmi ta shiga Harami da 'yar jakar carbi, rabin awa kin gama, lokacin Umara da Hajji tsaraba ce mai tafiya.

Wajen sayo kaya ki riƙa ɗaga yadin a rana ki duba huji da inda ya ci, ki shinshina, dan kin san danshin Jidda, yadin da warin ruma ya kama ko kin wanke kin turara shi sai ya dawo ranar da mai saye ta buɗe durowa. Dadduma mai hoton Ka'aba ko yadi mai sunan Allah kar ki yanka ki yi abin da za a ajiye a ƙasa, ki barshi. Wadda tace a ɗinka mata nata daban ta bada rabin kuɗi kafin alƙalami.

Baki faɗa min ko 'yar ƙasa ce ke ko igama, wato takardar izinin zaman baƙi, gareki ba, kuma wannan babba ne. In 'yar ƙasa ce ki ciri takardar aikin kai da ake cira ta intanet, sannan Bankin Tanmiya, bankin gwamnati na tallafa wa al'umma, yana bawa masu sana'ar gida rance ba ruwa, wannan ya fi miki bashin mutum. In kuma igama ce, wallahi ina roƙonki kar wani ya ce ki buɗe shago da sunansa, shine tasattur, hukuncinsa yana kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5, ki fara tambayar wanda ya san doka abin da takardarki ta halatta miki. Harajin VAT kuwa kar ya dameki, rajistarsa bata zama dole sai cinikin shekara ya wuce riyal 375,000.

Ki sayi ɗan littafi yau, kowane abu da kika ɗinka ki rubuta kuɗin kayansa da awannin da ya ci da yadda ya sayu, kuɗin sana'a kuma a jakarsa daban banda na cefane. Bayan wata uku ki turo min hoton shafukan mu duba tare, in oda ta fi ƙarfin kekenki a sabon farashin sai mu yi maganar babban, ko da adashi ne.