Rijiyarmu na kusa da wajen wankin zinare, guba za ta iya biyo ƙasa ta shiga?

Tambaya: Salam malam. A garinmu masu haƙar zinare suna niƙa dutse suna wankewa a wani kududdufi bayan gari, kuma rijiyar da muke sha ba ta fi taku ɗari biyu daga wajen ba. Ruwan dai garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Wasu sun ce ƙasa tana tace komai kafin ya kai ga ruwa. Gaskiya ne? In mun tafasa ya wadatar?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da tafasawar tunda ita ce mai sauƙi, a'a, ba ta wadatar ba. Wuta ƙwayoyin cuta take kashewa, dalma kuwa, wato gubar da kan iya zuwa a cikin dutsen zinaren da ake niƙawa, ƙarfe ce, ruwa ne zai tashi ya zama tururi ita tana nan zaune a tukunya, sai ma dai ta ƙara yawa a ɗan abin da ya rage. Kuma garau ɗin nan kar ya ruɗe ka. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kar dalma ta wuce maikurogiram 10 a lita ɗaya (maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram), abin da ba ido ko harshe da zai gane shi.

Masu cewa ƙasa na tacewa suna da rabin gaskiya. Laka da ruɓaɓɓen ganye da tsatsar ƙarfen da ke sa ƙasa ta yi ja suna kama dalma su riƙe ta gam, shi ya sa yawanci a saman ƙasa take maƙalewa, ba ta saurin nutsewa. To amma rariya ma cika take yi. In kullum ana zuba ruwan wanki a waje ɗaya shekara da shekaru, wata rana ƙasar ba ta da sauran wajen riƙewa sai ta bari ya wuce. Sannan ba kowace ƙasa ce laka ba, in jigawa ce ko yashi ko dutse mai tsagewa ruwa wucewa yake kawai abinsa. Abu na uku shi ne tsami. Dutsen da ake niƙawa sau da yawa yana ɗauke da farar wuta, da zarar an mai da shi gari iska da ruwan sama suka same shi sai ruwan ya yi tsami, tsamin nan kuma shi ke kwance ƙarfen daga jikin ƙasa ya tafi da shi. Kowane ƙarfe da halinsa fa, kuromiyam irin na masana'antun jima kamar na Challawa da Sharaɗa a Kano akwai nau'insa da ba ya ma tsayawa, bin ruwa yake.

Amma in ka tambaye ni abin da ya fi ba ni tsoro a rijiyarku, bakinta ne ba gindinta ba. Ƙurar injin niƙa tana sauka a ciki, guga ana ajiye shi a ƙasa igiya na jan turɓaya a sake zura shi, ruwan farkon damina ya kwaso duk abin da ke saman ƙasa ya gangaro. Ka tuna Zamfara a 2010, ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Abin da ya fi kashe su ƙura ce da ƙasar tsakar gida inda ake daka dutsen, wani lokaci ma da turmin da ake daka hatsi, yaro na rarrafe yana kai hannu baki. Sai da aka kankare saman ƙasar gidajen aka zuba sabuwa kafin maganin da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ke bayarwa ya yi amfani, don in an yi wa yaro magani ya koma cikin ƙurar aikin banza ne. A 2015 kuma abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Taku ɗari biyu ba shi ne ma'auni ba, duba gangare. In kududdufin yana sama rijiyar tana ƙasa da shi kuna cikin haɗari, musamman da damina lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa. Ku gina bakin rijiyar da siminti ya ɗago, ku sa murfi, guga a rataye shi, dutsen kuma ko kayan aikin masu niƙa kar su shigo gida. Burtsatse mai zurfi wanda aka toshe wuyansa da kyau ya fi aminci, duk da haka shi ma sai an gwada, a Bangaladesh ruwan burtsatse ne ya zo musu da gubar asenik daga cikin ƙasar kanta.

Gwajin kuma ku yi sau biyu, ɗaya da rani ɗaya tsakiyar damina, a ɗakin gwaji na jami'a ko na hukumar ruwa ta jiha, ku ce musu takamaimai dalma da makuri (ruwan ƙarfen da ake kama zinare da shi) kuke so a duba, in ba haka ba ƙwayoyin cuta kawai za su auna su ce muku lafiya lau. Kafin sakamako ya fito, ƙananan yara da masu ciki a samo musu ruwa daga wani wajen, kuma yaron da ke yawan ciwon ciki ko kasala ko ya fara jijjiga a kai shi asibiti a gwada jininsa.