Tsohuwar concertina: jari ce ko kayan kiɗa?

Tambaya: Malam, ina zaune a Ingila, na ga tsohuwar concertina (ƙaramin kayan kiɗa mai zugazugi a tsakiya da maɓallai a gefe biyu) ana sayarwa, ina so in koyi kiɗanta kuma ta zame min jari. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, in dai kiɗan ne ya ja ka to bismillah, amma in riba kake hange ka bi a hankali. Charles Wheatstone ne ya fara fito da irinta a Landan wajen 1829, daga baya su Lachenal da Jeffries da Crabb suka shigo, kuma Lachenal sun ƙera ta da yawan gaske, shi yasa yawancin wanda kake gani a kasuwa nasu ne masu maɓalli 20 da harsunan tagulla (siraran ƙarafan ciki da iska ke kaɗawa su ba da sauti), wannan kuwa ba jari bace, kuɗin gyaranta ma zai iya fin kuɗinta. Masu riƙe daraja sune irin Jeffries mai maɓalli 30 ko fiye, ko Wheatstone Aeola mai kusurwa 8, masu harsunan ƙarfe, saboda makaɗa na nemansu har yau, musamman masu kiɗan gargajiyar Ayalan.

Kafin kuɗi ma, ka san wacce kake so. Irin da ake kira Anglo in ka danna maɓalli ka tura sauti ɗaya, in ka ja wani daban, irin da ake kira English kuwa sauti ɗaya ne ko ta ina, yatsunka in sun saba da ɗaya canjawa wahala ne sosai.

In ka je dubawa kar ƙyallin katako ya ruɗe ka, ka riƙe ta ba tare da danna komai ba ka ja zugazugin a hankali, in ya buɗe da sauri to iska na zurarewa, sannan ka danna maɓallan ɗaya bayan ɗaya, tura da ja, ka saurara, ka sa a buɗe maka ciki kaga ko harsunan sun yi tsatsa, kuma ka tambaya ko an saita sautinta zuwa na zamani, don da yawa tsofaffin sautinsu ya ɗan fi hawa, ba za ka iya kiɗa da kowa ba sai an gyara. In Wheatstone ce ɗauki lambarta ka neme ta a littattafan kamfanin, suna gidan tarihi na Horniman da ke Landan kuma suna intanet.

In kuma za ka kawo ta gida daga Ingila, iskar hunturu na tsaga katakon ciki ta busar da fata, sai ka riƙa ajiye ta cikin akwatinta nesa da rana.