Gabriel na Faransa da Jibrin namu, da wasu tambayoyin

Tambaya daga wata mai karatu a Maraɗi: Ƙanena da ke zaune a Faransa ya ce duk inda ka juya a makarantar yaransa sai ka ji ana kiran Gabriel. Mene ne ma'anar sunan, kuma Faransawa ne suka ƙirƙiro shi?

Hajiya, ba su suka ƙirƙiro shi ba, aro suka yi kamar yadda mu ma muka yi. Gabriel ɗin da kike ji shi ne Jibrilu, shi ne Jibrin, shi ne Jibo na ƙofar gidanku. Asalinsa daga Ibrananci ne, gaɓa biyu aka haɗa: "gabar" mai nuna ƙarfi da mazantaka, da "El" wato Allah. Shi ya sa ake fassara shi da "Allah ne ƙarfina" ko "jarumin Allah". Malamanmu na tafsiri kuma suna kawo maganar Ikrima da ke cikin Bukhari, cewa "jabr" bawa ne, "il" kuma Allah, sai sunan ya tashi daidai da Abdullahi. Kiristoci sun same shi a littafin Daniyel da na Luka, mu kuma a Baƙara aya ta 97 da 98, da Tahrim aya ta 4. A Littafi Mai Tsarki na Hausa Jibra'ilu ake rubutawa.

To ina "g" ta fito? Ita ce ma ta asali. Inda Ibrananci ke da "g", Larabci yakan zo da jimun, kuma har gobe Bamisire Gibril yake cewa. Turawa sun karɓi sunan ta hanyar Girkanci da Latin da "g" ɗinsa, mu kuma ya iso mana ta allo da tawada. Sai Bahaushe ya yi abin da ya saba: ya ƙara wasali ya ce Jibrilu, ko ya mai da lamun ta koma nunun ya ce Jibrin, ko ya datse shi gaba ɗaya.

A nan ne nake da ƙorafi, kuma ku mutanen Nijar ya fi shafa. Harafin "j" na Faransanci ba ya ba da sautin jimun, don haka ma'aikatan mulkin mallaka suka liƙa masa "d" a gaba, aka sami Djibril da Djibo, kamar na marigayi Djibo Bakary na jam'iyyar Sawaba. A takardar haihuwa ba ni da ta cewa, hukuma ce. Amma mutum ya zauna yana rubuta saƙo da Hausa zalla, ya rubuta "Djibo ya djé Djibiya"? Na kuma sha jin masu karanta labarai a wannan gefen iyaka suna furta "Dijibo", sun ba "d" ɗin wasalin da ba ta roƙa ba. A rubutun Hausa "j" kaɗai ta wadatar.

Batun yawansa kuwa, ƙanenki bai yi ƙari ba. A lissafin INSEE, hukumar ƙididdiga ta Faransa, Gabriel ne ya zo na ɗaya cikin sunayen jarirai maza a 2021 da 2022 da 2023, ana raɗa wa yara sama da 4,000 kowace shekara. Léo ne ya ɗan ture shi a 2020. Tsohon suna ne da ya ja baya a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da Jean, wato Yahaya, da Michel, wato Mika'ilu, ke cin kasuwarsu, sannan ya dawo. Kada ki ɗauka ibada ce ta motsa su; galibi daɗin sauti ne, don Raphaël da Maël masu irin ƙarshensa su ma suna sahun gaba. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne, dokar 1803 ta taƙaita wa Faransawa zaɓi ga sunayen da ke cikin kalanda, galibi na waliyyan Kiristoci, da na mutanen tarihin dā, ba a sake musu mara sosai ba sai a Janairun 1993. Da aka ce kowa ya zaɓi son ransa, sai ga da yawansu sun koma kan sunan mala'ika. Gabriel Attal, wanda ya zama firaminista a Janairun 2024 yana da shekara 34, ya tarar da sunan ya riga ya yi tashe. Na mata Gabrielle ne.

Wani ɗalibi daga Zariya: Me ake nufi da "suna linzami"?

Kira mutum da sunansa cikin kasuwa ka gani. Zai tsaya cak ya waiwayo, kamar dokin da aka ja wa linzami. 

Daga Kumasi: Takwara da aboki ɗaya ne?

A'a. Takwaranka wanda kuke suna ɗaya ne, ko da ba ku taɓa gaisawa ba.

Wani kuma: Zan iya raɗa wa ɗana Gabriel?

Ka fara tambayar kakarsa ko za ta iya faɗa. In ta ce Jibo, to Jibo ne.