Sakamakon LTspice ya saɓa wa abin da ka auna

Ɗan'uwa, ka ce abin da LTspice, manhajar kwaikwayon da'irar lantarki a kwamfuta, ya nuna bai yi daidai da awon osiloskop, na'urar da ke nuna siffar sigina, ba. Kafin ka zargi samfurin da'irar da ke cikin manhajar, duba kayan awonka. Firob mai 10x, wato wayar awon osiloskop mai rage sigina sau goma, yana ɗora wa da'irar kimanin fikofarad 10 zuwa 15, doguwar wayarsa ta ƙasa kuma tana sa sigina mai sauri ya yi rawa. Saka firob ɗin da wayar cikin zanen da'irar a LTspice, ka sake gwadawa.

Auna kowane resista da multimita, ka shigar da ainihin ƙimarsa. SPICE, tsarin da LTspice ke aiki da shi, yana lissafi ne a kan zafin digiri 27 na Selsiyus, alhali transista idan ya ɗau zafi halinsa canzawa yake. Ni da DC, wato lantarki marar sauyawa, nake farawa, sannan firikwensi daban-daban. Awon da ka gyara samfurin da shi kuwa, kada ka tantance samfurin da shi. Ware wani dabam.