Ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwar wake cuta ne?

Tambaya: Salam Malam, na tuge waken soya a gonata sai na ga wasu ƴan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa kamar ƙuraje, cuta ce ta kama shi ko in yi feshi?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa, don Allah kar ka fesa komai, wannan ai alheri ne ya same ka. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne na cikin ƙasa da ake kira Rizobiyam suke shiga saiwar wake da gyaɗa da waken soya su yi gida a cikin waɗannan ƙulle-ƙullen, shukar tana ba su sukari su kuma suna jawo sinadarin naitirojin daga iska su mayar da shi abincin da za ta iya sha, kuma kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ne amma shuka ba ta iya amfani da shi haka kai tsaye.

Ka fasa ɗaya da farce. In cikin ja-ja ne to suna aiki, in fari ne ko kore ba sa taɓuka komai. Na alherin yana ɓallewa in ka murza shi, amma in saiwar ce kanta ta kumbura to wannan aikin wata ƴar mitsitsiyar tsutsar ƙasa ce mai cutar da saiwa, maganarta daban.

Inda mutane ke kuskure shi ne zabga wa wake yuriya da yawa, wallahi asarar kuɗi ce, shuka in ta samu naitirojin a sauƙaƙe daga yuriyar ba ta yin ƙullen sosai. Takin fosfaros ya fi masa amfani. In ka girbe ka bar saiwar ta ruɓe a ƙasa, masarar da za ta biyo baya za ta amfana.