Layi ɗaya miƙaƙƙe ya fito a sikirin ɗin talabijin ɗina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Talabijin ɗina LCD ce, kwana biyun nan wani siririn layi kore ya fito mata daga sama har ƙasa, a miƙe sak kamar an ja da rula, sauran hoton kuma lafiya lau. Me ya sa ya zo a layi, kuma yana gyaruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Gaskiya tambayar nan ta yi min daɗi, don layin nan shi ke tona asirin yadda ake kai wa sikirin wuta.

Sikirin mai 1920 sau 1080 yana da ɗigo sama da miliyan 2, kowane ɗigo kuma kashi uku ne, ja da kore da shuɗi, ka ga sun haura miliyan 6 ke nan, to wa zai ja wa kowanne wayarsa? Sai aka shimfiɗa siraran wayoyi a jikin gilashin kamar saƙa, wasu a kwance wasu a tsaye, a kowace mahaɗa aka dasa ɗan mitsitsin tiransisto da ake kira TFT, shi ne ƙofar ɗigon. Wayar kwance ta buɗe ƙofofin sahu guda gaba ɗaya, wayoyin tsaye su zuba wa kowane ɗigo nasa rabon wutar, a rufe a sauka sahu na gaba, haka har sahu 1080, kuma ana wannan zagayen sau 60 a daƙiƙa ɗaya, shi ko ɗigon yana riƙe da cajinsa har a dawo kansa. Wutar ce ke juya ƙwayoyin ruwan kiristal, wato wani ruwa da ke tsakanin gilasan sikirin LCD, su bar hasken fitilar baya ya wuce da yawa ko kaɗan, don ruwan ba ya haske da kansa. Peter Brody da abokan aikinsa a kamfanin Westinghouse na Amurka ne suka nuna wannan dabara a shekarun 1970, sikirin ɗin da ba shi da tiransisto kuwa hotonsa dishi-dishi ne, yana jan inuwa.

Abin da ya fi burge ni ma shi ne ba a barin wutar ta riƙa bi ta fuska ɗaya, kowane zagaye sai an juya ta, in ba haka ba ruwan ya lalace hoto ya manne.

To naka, alama ta nuna wayar tsaye ɗaya ce ba ta samun saƙon da ya dace, sai duk ɗigon da ke kanta suka ɓata tare, kuma a yawancin sikirin launi ɗaya ne a kan kowace wayar tsaye. Sau da yawa matsalar tana inda aka manna siririyar ledar da ke ɗauke da cif, wato ɗan ƙaramin kayan lantarkin da ke aika wa wayoyin tsaye saƙo, a bakin gilashin. Ka canza tasha, ka cire dikoda, ka buɗe menu, in layin yana nan daram to daga cikin talabijin ɗin ne. Don Allah kar ka danna wurin da yatsa, ka nemi mai gyaran da ke da injin sake manna ledar. In kuma a cikin gilashin wayar ta tsinke, sai dai canjin sikirin.