Asalin kalmar "gan" a Ibrananci

Ɗan'uwa, ka tambayi ma'anar "gan" da ke Farawa 2:8 a Littafi Mai Tsarki, inda aka ce "gan be-Eden", wato "gan" a Eden. Lambu take nufi, amma ba kowane fili mai shuka ba. Tushenta baƙaƙe uku ne, g-n-n, masu nufin rufewa da karewa, wato lambun da aka kewaye da shinge ko katanga kada awaki su shiga su yi ɓarna. Daga nan "magen", garkuwa, ta fito.

Abin da ya fi burge ni, kalmar tana bakinmu kullum. Larabci ɗan'uwan Ibrananci ne, a can ana cewa "janna", mu kuma muka aro muka ce Aljanna. Aljani ma tushensu ɗaya, domin a ɓoye yake ga ido.